Hannun Mai Mota a Cikin Inji: Tarihin Gyaran Wuta da Kamshaf a Gida

Wanda ya sayi sabuwar MGB a Ingila ko Amurka a shekarar 1962, ba makulli kaɗai ake miƙa masa ba. Akwai ɗan littafi da kamfanin ke haɗa masa da shi, kuma a ciki, bayan bayanin giya da fitilu, an shimfiɗa masa yadda zai buɗe murfin distiribito ya duba kontak, ya saita ratar bakinsu ta tsaya wajen inci 0.015, sannan ya kwance murfin saman inji ya auna ratar bawul ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin bai ɗauka cewa mai sayen motar bakanike ba ne. Ya dai ɗauka cewa malamin makaranta ko akawu ko soja da ya sayi ƙaramar motar gudu mai kujera biyu zai sa hannu a cikin injinta ranar hutu, a ƙofar gidansa. Daga irin wannan tunani aka sami al'adar da ta haura shekara saba'in tana raye a Turai da Amurka, wato mai mota ya gyara matsalar wuta da ta kamshaf da kansa. Galibin masu ba da labarin wannan al'ada suna cewa sauƙin injin da ne ya haife ta, kuma kwamfuta ta zo ta binne ta. A ganina tarihin bai goyi bayan haka ba. Abin da ya riƙa raya al'adar ko ya shaƙe ta, a kowane zamani, shi ne ko an bar wa mai mota hanyar sanin abin da ke faruwa a cikin injinsa, ko an rufe masa.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fahimci abin da ya sa waɗannan sassa biyu, wuta da kamshaf, ke tafiya tare. Injin fetur mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, rayuwarsa gaba ɗaya lokaci ce. Kamshaf sandar ƙarfe ce mai tozaye, kowane tozo yana danna bawul ya buɗe don iska da fetur su shiga ko hayaƙi ya fita, kuma tana juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ta juya sau biyu. Tartsatsin fulogi shi ma tilas ya zo a daidai wani ɗan lokaci kafin fistin ya kai ƙoli. A injuna da yawa fistin da bawul suna ziyartar wuri guda a cikin silinda, sai dai kowa da lokacinsa, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: muddin taɓaren wannan na sama lokacin da na waccan ke ƙasa, daka na tafiya, amma da zarar ɗaya ta kuskure bugu sai taɓare su haɗu. Idan inji na juyi 6,000 a minti, karanshaf na zagayawa sau 100 a daƙiƙa guda, injin mai silinda huɗu kuma na buƙatar tartsatsi 200 a cikin wannan daƙiƙar. Motar gudu ita ce ake yawan kai wa wannan mataki, shi ya sa ɗan kuskuren da motar kai yara makaranta za ta haɗiye, ita sai ta bayyana shi nan take. A tsoffin injuna kuwa kamshaf ce ma ke juya distiribito ta hanyar wani ɗan giya, don haka sarƙar kamshaf na sakwarkwacewa, wuta ma ta bar lokacinta.

Tsarin wutar da ya mallaki duniyar mota tsawon shekara sittin ya fito ne daga garin Dayton na jihar Ohio. Charles Kettering da abokan aikinsa sun kafa kamfanin Delco a 1909, motocin Cadillac kuma suka fara amfani da tsarinsu na batir da koyil a 1910. Dabarar ba ta da yawa. Wutar batir tana ratsa koyil, wasu ƙananan baki biyu na ƙarfe, wato kontak, suna buɗewa su katse ta, katsewar ta sa koyil ya haifar da wuta mai ƙarfin dubban bolt, rota ta rarraba ta zuwa fulogin da ke kan layi, kwandansa kuma ta hana bakin kontak ƙonewa da wuri. Wanda ya san Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko ƙwaron Volkswagen, ya san wannan tsari, domin shi ne dai. Abin lura a nan shi ne tsari ne da aka gina shi a kan cinyewa. 'Yar dunduniyar da ke gogar sandar distiribito tana zaizayewa a hankali, ratar kontak na raguwa, tartsatsi na makara, bakin ƙarfen na yin ƙuraje. Ko da an ƙera shi da matuƙar kyau, bayan 'yan dubban mil sai an sake saita shi. Injiniyoyin sun san haka, shi ya sa suka ajiye distiribito inda hannu zai kai, suka sa masa murfin da maƙalai biyu kawai ke riƙe da shi, suka yi alama a jikin fulin karanshaf don a ga inda fistin yake. Da ƙwan fitila mai bolt 12 da 'yar waya, mutum na iya saita taimin inji na kashe: ya juya distiribito a hankali har fitilar ta kama, alamar kontak sun buɗe ke nan. Injin yana faɗin halin da yake ciki da harshen da ido da kunne ke ganewa.

Yanayin da Ingila ta shiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mai da wannan dama ta zama larura. Gwamnati na neman dala ruwa a jallo, ta kuma riƙa raba ƙarfe ga kamfanonin mota gwargwadon abin da suka fitar waje. Masana'antar MG da ke Abingdon ta ƙera MG TC guda 10,000 tsakanin 1945 da 1949, wajen 2,000 daga ciki suka tafi Amurka, bayansu kuma TD da MGA da Triumph TR da Austin-Healey suka bi sahu da yawan gaske. Amurka ƙasa ce mai faɗi, dilolin waɗannan motoci kuwa ba su cika ta ba. Mutumin da ke wani ƙaramin gari yana iya samun kansa da motar da bakaniken unguwa bai taɓa ganin kafireta irin nata ba, sifanarsa ma ba ta kama wasu notocinta saboda ma'aunin Ingila daban yake. Ga shi kuma yawancin masu sayen ba don zuwa ofis kaɗai suka saya ba. Ƙungiyar masu motocin gudu ta Amurka ta kafu a 1944, aka yi tseren farko na titin Watkins Glen a 1948, kuma al'adar lokacin ita ce ka tuƙo motarka zuwa filin tsere, ka fafata, ka tuƙa ta ka koma gida. Mai irin wannan rayuwa dole ya iya sauraron injinsa. A shekarar 1948 ɗin ce kuma Al Moss ya buɗe shagonsa a Kalifoniya, wanda ya rikiɗe ya zama babban mai aika kayan gyaran motocin Ingila ta gidan waya. Hakan na nuna tun farko wanda ake sayar wa kayan: mai mota ne a garejin gidansa.

Babu misalin da ya fi fito da hujjata fili kamar MGA Twin Cam. A 1958 kamfanin MG ya ɗauki injin MGA, wanda kamshaf ɗinsa guda ɗaya ce a ƙasa tana tura bawul da sanduna, ya yi masa sabon kai na alminiyom mai kamshaf biyu a sama. Injin mai cc 1,588 ya ba da ƙarfin doki 108, alhali na farkon bai wuce 72 ba. Amma an matse shi sosai, matsin ya kai 9.9 bisa 1, kuma hakan na nufin sai fetur mai inganci ƙwarai da taimin da ba ya karɓar kuskure. Inda aka ɗan gaggauta wuta, ko aka zuba fetur mai rauni, sai cakudar ta riƙa fashewa kafin lokacinta, zafin ya huda kan fistin. Motoci suka riƙa komawa wurin diloli, kamfani ya sauke matsin zuwa 8.3 bisa 1, amma suna ya riga ya ɓaci. An daina ƙera ta a 1960 bayan guda 2,111 kacal, cikin MGA sama da 100,000. Abin da ya faru bayan nan shi ne abin dubawa. Injin bai canja ba, amma waɗanda suka riƙe motocin sun shafe shekaru suna gwaji, suna rubuta wa juna a mujallun ƙungiyoyinsu abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, kan iyakar gaggauta wuta, da irin fulogin da ya dace, da yadda girgizar inji ke dama fetur a kafireta har cakuda ta yi ƙaranci. Yau Twin Cam na cikin MGA mafi tsada, kuma ana tuƙa ta tafiya mai nisa. Motar da ta gagari diloli a 1959 ta yi laushi a hannun masu ita, domin ilimin da babu shi a lokacin ya taru daga baya, ya kuma zama na kowa.

Mutumin da ya fi kowa gane cewa ilimin nan haja ce shi ne John Haynes. Yana ɗan makaranta a 1956 ya sake ƙirar wata tsohuwar Austin 7, ya rubuta ɗan littafi kan yadda ya yi, kwafi 250 suka ƙare cikin kwana goma. A 1965, yana aikin sojan sama a Aden, wani abokin aikinsa ya nemi ya taya shi farfaɗo da Austin-Healey Sprite. Haynes ya lura cewa littafin masana'anta an rubuta shi ne don ƙwararren da ya riga ya san aikin, yana da kayan aiki na musamman. Sai ya sayi kyamara, suka wargaza motar, yana ɗaukar hoton kowane mataki. Littafin ya fito a 1966, bugun farko na kwafi 3,000 ya ƙare cikin wata uku. Ba ƙaramin abu ba ne cewa littafin farko na kamfanin da ya zo ya sayar da miliyoyin littattafan gyara a duniya, a kan ƙaramar motar gudu aka yi shi. Sprite ba ta ƙara sauƙi a 1966 fiye da yadda take a 1960 ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu akwai hoton hannu riƙe da ma'aunin rata, da jerin tashin silinda 1-3-4-2, da gargaɗin abin da zai faru in an yi kuskure, duka a farashin da bai kai kuɗin aikin bakanike na wuni guda ba.

Za a ce, ai wannan duk ado ne ake yi wa gazawa. Masu motocin Ingila sun koyi gyara ne saboda motocin ba su da aminci, kuma kayan wutar kamfanin Lucas na Birmingham sun yi ƙaurin suna a Amurka har aka laƙaba musu sunan sarkin duhu. Akwai gaskiya a ciki, ba kuwa kaɗan ba. Shekarun 1970 na kamfanin British Leyland shekaru ne na yajin aiki da tsuke aljihu, ingancin aiki ya faɗi. Triumph Stag da ta fito a 1970 ta zo da injin silinda takwas wanda dogayen sarƙoƙin kamshaf ɗinsa masu layi ɗaya ke miƙewa, har ya zama ƙa'ida a canja su wajen kowane mil 25,000 zuwa 30,000, in ba haka ba su tsallake haƙori bawul su gamu da fistin. Wannan aibin ƙira ne, babu wata kwana. Sai dai hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba. Da rashin inganci ne kaɗai ke haifar da gyaran gida, da ba a same shi a wajen masu Porsche 911 ba, motar da ba wanda ke zargin maƙeranta da sakaci. Amma su ma sun yi fama da na'urar da ke ɗaure sarƙar kamshaf, wadda kan saki ba zato, har kamfanin ya kawo wadda matsin baƙin mai ke riƙewa a ƙirar Carrera ta 1984, masu tsoffin motoci kuma suka riƙa sayenta suna ɗaurawa da kansu. Mota marar aminci wadda ba a san cikinta ba, bola take tafiya. Wadda aka san cikinta ita ce ke rayuwa, kuma Stag na cikin motocin zamaninta da kaso mai tsoka ya tsira, saboda ƙungiyar masu ita ta mai da lalurorinta sanannun abubuwa masu sanannen magani.

Wata sukar ta fi wannan nauyi, ita ce ta cewa saita kontak daban, taɓa kamshaf daban, kuma ɗan koyo na iya kashe inji da hannunsa. Haka ne. Tunda kamshaf rabin gudun karanshaf take yi, fistin na kai ƙoli sau biyu a zagaye guda, kuma wanda bai duba bawul ba ya tabbatar wane ƙolin ne, zai mayar da distiribito a juye, inji ya ƙi tashi ko ya riƙa harbi ta kafireta. Wannan mai sauƙi ne. Mai tsanani shi ne a kuskure haƙori biyu ko uku a sarƙa ko bel, a murza makulli, bawul su lanƙwashe. Haka nan tafet da ke zaune kan tozon kamshaf kowanne ya saba da nasa tozon, in aka cakuɗa su, ko aka sa tsofaffi kan sabuwar kamshaf, cikin ɗan lokaci tozo zai shafe. Sabuwar kamshaf irin ta da tana son a tayar da inji a riƙe shi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na kimanin minti ashirin don ƙarafan su saba da juna, wanda bai sani ba ya bar shi yana silo, ya jawo wa kansa. Amma a duba waɗannan kurakurai da kyau. Babu ɗaya da ke buƙatar baiwa ta musamman kafin a kauce masa. Kowanne jimla guda ce a littafi: juya inji da hannu zagaye biyu kafin ka tayar, jera tafet a kwali mai lamba, kada ka bar sabuwar kamshaf a silo. Har matsalar da ta taso bayan 2004, lokacin da aka rage sinadarin zinki da fosfaras a baƙin man zamani don kare matatar hayaƙi, masu tsoffin injuna suka fara kukan cinyewar tozaye, ta hanyar yaɗuwar bayani aka shawo kanta, mutane suka koma neman man da aka haɗa don tsofaffin motoci. Haɗarin gyaran gida hujja ce ta a ƙara wa mutane sani, domin wanda aka ɓoye wa bayani ba fasa taɓa injinsa yake yi ba, taɓawa yake cikin duhu.

Ƙarshen zamanin kontak ya zo ne ta ƙofar doka. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta 1970 ta tilasta rage gubar hayaƙi, daga 1975 galibin sababbin motoci suka zo da matatar hayaƙi a salansa, ita kuwa ba ta jure ɗanyen fetur da silinda mai fashin wuta ke turo mata. Tsarin da ke sauka daga saiti da kansa bai dace da wannan duniya ba. Chrysler ta sa wutar lantarki marar kontak a dukkan motocinta a 1973, General Motors ta bi a 1975. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: wannan ci gaba ne. Iska ta gyaru, mota ta riƙa tashi da sanyin safiya, fulogi ya daɗe. Masu tsoffin motocin da kansu sun yi rububin sayen 'yan na'urorin Lumenition da Pertronix suna cusawa cikin distiribito a madadin kontak. Abin da aka rasa shi ne gani. Kontak in ya ƙone ana ganinsa, amma ɗan baƙin akwatin lantarki in ya mutu, kamanninsa ɗaya da mai rai. MGB da aka sayar a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, wadda dokokin hayaƙi suka riga suka rage mata ƙarfi daga doki 95 zuwa sittin da 'yan kai, ta zo da irin wannan akwati na Lucas a jikin distiribito, zafi na kashe shi ba gargaɗi. Shekarun da suka biyo baya, har zuwa tsakiyar 1990, su ne mafi tsanani ga mai gyara a gida, domin kowane kamfani da irin soket ɗinsa da na'urar karatunsa da ke wurin dila kaɗai. Masana'antar Abingdon ta rufe a 1980 bayan MGB sama da 500,000, kuma da yawa sun ɗauka al'adar ta bi ta.

Mazda MX-5 da aka nuna a Chicago a 1989 ta ƙaryata wannan zato. Mota ce ta Japan da aka yi da ruhin ƙananan motocin Ingila, amma injinta na zamani ne sosai: kamshaf biyu, bawul goma sha shida, allurar fetur, kwamfuta, babu distiribito sam. Bisa ra'ayin masu cewa lantarki ne ya kashe gyaran gida, a nan ya kamata labari ya ƙare. Sai ga shi ta zama ɗaya daga cikin motocin da aka fi gyarawa a gida a zamaninta. Dalili shi ne maƙeranta sun bar ƙofofi a buɗe. A bayan ɗaya daga cikin kamshaf akwai sensa da ke gaya wa kwamfuta matsayin inji, noti guda ke riƙe da ita, kuma ana juya ta kamar yadda ake juya distiribito a da. Mutum ya haɗa ramuka biyu a ɗan akwatin gwaji da guntuwar waya, ya haska fitilar taimin kan fuli, ya tsayar da shi digiri 10 kafin ƙoli kamar yadda kamfani ya ce, ko ya kai 14 kamar yadda masu son ƙarin kuzari suka saba. An kuma ƙera injin yadda ko bel ɗin kamshaf ya tsinke, bawul ba za su taɓa fistin ba, don haka mai koyon canja bel a mil 60,000 yana da damar yin kuskure ya gyara. Lalurorinta, irin su zoben robar sensar da ke zubar da mai kan tiyon ruwa, da wayoyin fulogi masu saurin gajiya, duk sun zama karatun farko ga sabon mai ita. An ƙera ta miliyan guda zuwa 2016.

Babbar ƙofa kuwa hukuma ce ta buɗe ta, ba ma da niyyar taimakon masu gyara ba. Hukumar kula da iska ta Kalifoniya ta so a sami hanyar duba ko mota na gurɓata iska, daga nan aka sami tsarin OBD-II, wanda ya zama dole ga duk motar da za a sayar a Amurka daga 1996, Turai ta bi da motocin fetur a 2001. Soket iri ɗaya mai baki 16 kusa da sitiyari, da lambobin matsala iri ɗaya ko wane ne ya ƙera motar. P0300 na nufin silinda na fashin wuta, P0340 matsala a layin sensar kamshaf, P0016 kuma kamshaf da karanshaf sun saɓa wa juna. Na'urar karanta su ta yi arha har ta koma ɗan abin da ake haɗawa da wayar hannu. Wannan doka ta iso ƙasar Hausa ba tare da wata majalisa ta zauna a kanta ba, domin motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Turai ta Kwatano da Legas da soket ɗin suke zuwa, shi ya sa bakanike a Kano ko Maraɗi ke iya sa kwamfuta a mota ya karanta. Da an bar kowane kamfani da harshensa, da sai dai a yi ta canja kaya ana lalube.

Ba na cewa lamba ta maye gurbin basira. P0340 ba ta ce sensa ta mutu ba, ta ce saƙonta bai iso daidai ba, kuma laifin na iya zama na waya da ta goge, ko sarƙa da ta miƙe. Kamshaf ɗin ma ta daina tsayawa wuri guda tun da Alfa Romeo ta sa mai sauya lokaci a Spider ta 1980, Honda ta zo da VTEC a 1989, BMW da VANOS a 1992. Irin waɗannan da matsin baƙin mai suke aiki, don haka dattin mai kaɗai na iya kawo alamar da ta yi kama da lalacewar wuta. Wasu injunan ba su da alamar taimin ko ɗaya, sai da ƙarafan kulle na musamman. Akwai kuma lalurar da ke can ƙurya, irin boris ɗin sandar tsakiya da ke juya sarƙoƙin kamshaf a Porsche Boxster da 911 na ƙarshen 1990 zuwa tsakiyar 2000, wanda in ya watse yakan tafi da inji gaba ɗaya, kuma ba a kai gare shi sai an sauke giyabos. Masu motocin ne suka tattara labaran juna har girman matsalar ya bayyana, ƙananan kamfanoni suka ƙera madadi, shari'ar haɗin gwiwa a Amurka ta ƙare da sulhu a 2013. Aikin ya yi nauyi, amma akwai masu yin sa a gida da jak da haƙuri, saboda an san matakan.

Inda ake fafatawa yanzu ya nuna cewa kamfanoni ma sun san inda gizo ke saƙa. Ba wanda ke gardama kan sifana. Gardamar a kan bayanai take: sassan da ba sa aiki sai kwamfutar dila ta gabatar da su ga motar, da ƙofofin tsaro da aka fara sawa tsakanin soket da kwamfutar inji, da bayanan da mota ke aikawa kai tsaye zuwa kamfani ta iska. Masu zaɓe a jihar Massachusetts sun amince da dokar haƙƙin gyara a 2012 da kashi 86 cikin ɗari, suka faɗaɗa ta a 2020 da kusan kashi 75 don ta haɗa da bayanan da ake aikawa ta iska, kamfanonin mota kuma suka garzaya kotu aka shafe shekaru. Hujjarsu ta tsaro daga masu kutse ba ta banza ba ce, mota mai haɗe da intanet abin kiyayewa ce. Amma tsarin da zai tantance bakaniken dila zai iya tantance mai mota, in an so. Mai cewa wannan rigimar masu abin hannu ce da motocin wasansu ya manta cewa dokar da ta buɗe kwamfutar Porsche ita ce ta buɗe ta Corolla, kuma motar da aka kulle a Boston yau, bayan shekara goma tana iya kasancewa a gareji a Kaduna, nesa da duk wani dila mai makullinta. A ƙarshen 2020, kusan shekara biyu bayan rasuwar John Haynes, kamfaninsa ya sanar da daina buga littafin takarda ga sababbin motoci, ya koma intanet, inda galibin abin da ake samu kan sabuwar mota bayanai ne da ake biyan kuɗin shiga, ba hoton injin da aka wargaza aka harhaɗa ba. Mai MGB ta 1962 kuwa har gobe yana iya sayen kamshaf da distiribito sababbi fil, har da sabon gangar jiki da British Motor Heritage ta koma bugawa tun 1988 da ainihin injunan masana'anta, kuma littafinsa na nan yadda yake. Babu tabbacin mai motar gudu ta bana zai sami rabin wannan in motarsa ta kai shekara ashirin, sai in dokokin irin na Massachusetts sun tsaya da ƙafarsu sun kuma yaɗu.